Ɓera mai rai ko daskararre: me ya kamata a ba mesar gida?

Ɗan Barnawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san ƙaramar mesata, irin wadda in ta tsorata take cusa kanta a tsakiyar jikinta ta dunƙule. Shekararta biyu a hannuna, tsawonta ya kusa mita ɗaya, kuma tun ranar da na karɓo ta ɓera mai rai nake ba ta, kusan duk kwana goma.

Daren Talata bayan isha'i na saka mata ɓera. Ta leƙo daga ƙarƙashin kaskon da take ɓuya, ta zaro harshe sau biyu, ta koma. Na ce bari in ba ta lokaci. Ana haka maƙwabcina ya buga ƙofa, matarsa na naƙuda, ni ne mai mota a layin. Ban dawo ba sai wajen ƙarfe uku, na faɗi na yi barci. Da asuba na haska tocila cikin akwatin. Ɓeran na zaune a kusurwa yana share fuska da hannuwansa. Ita kuwa tana dunƙule, bayanta a ɓantare wuri uku. Ɗaya ya kai faɗin babban yatsana, jan nama a waje, garin katako duk ya manne a ciki. Ko motsi ba ta yi ba da na ɗauke ta.

Tambayata biyu ce. Me zan yi wa ciwon? Sannan masu ba macizansu daskararren ɓera, yaya kuke yi? Za ta yarda ta ci matacce? Da wannan wutar tamu ta Kaduna ma, zai yiwu?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah Ya ba ta lafiya. Mu fara da ciwon, muhawara ta biyo baya. Yanzu-yanzu ka kwashe garin katakon nan duka, ka shimfiɗa mata jarida ko farar takarda, kana canzawa kullum. Ka tafasa ruwa ya huce, ka sa gishiri kaɗan, ka wanke wurin a hankali har duk dattin ya fita. In kana da aidin na ciwo, ka sirka shi da ruwa har ya yi kalar shayin da bai yi kauri ba, ka dinga shafawa da auduga. Don Allah kada ka sa kananzir, baƙin mai, toka ko maganin wanke ban-ɗaki. Na ga duk an yi waɗannan, kuma ƙona fatar suke yi.

Babban ciwon nan ba na gida ba ne. Bakin ɓera cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma maciji yana jinkirin nuna rashin lafiya, sai abu ya ci jiki kake gani. Ka kai ta asibitin dabbobi yau ko gobe, wataƙila ta buƙaci allura. Ka kuma duba min idanunta. Sun yi hazo-hazo kamar an zuba madara?

Ɗan Barnawa:
Dokta wallahi sun yi. Na ɗauka ciwon ne ya jawo.

Likitan Dabbobi:
A'a, saɓa za ta yi. Shi ya sa ta ƙi ci. Lokacin saɓa ba ta gani sosai, kuma yawancinsu ba sa cin komai. Ka ba ta abinci a daren da ba ta da niyyar kamu, kuma wannan nau'in ba shi da wata kariya sai dunƙulewa. Ta ɓoye kai ta bar wa ɓera bayanta. Shi kuma yana rufe tun isha'i, ba ruwa ba abinci, ga nama a gabansa. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, da su yake huda buhu da ƙofar katako. Fatar mesa ba komai ba ce a wurinsu.

Jikan Gardi:
Allah Ya sawwaƙe, Ɗan Barnawa. Amma ni zan faɗi gaskiyata ko ba za ta yi daɗi ba. Laifin ba na ɓera mai rai ba ne, na barinsa ne ya kwana. Kakana ya yi shekaru yana yawo da macizai kasuwa-kasuwa, na tashi na ga mesa a gidanmu wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta. Kaza mai rai ake jefa mata, a tsaya a kanta har ta gama. Ban taɓa ganin ciwo a jikinta ba. Allah Ya halicci maciji ya yi kwanto, ya kai sara, ya naɗe. A daji wa ke narka masa ɓera a ruwan zafi? In ka raba shi da farauta ka raba shi da abin da ya sa shi maciji. Wannan daskararren abu na Turawa ne, su da suke da wuta dare da rana.

Baban Hanifa:
Sannu da ƙoƙari Ɗan Barnawa. Ni ina Manchesta a Ingila, ina da irin taka guda biyu, shekara shida ke nan, kuma ko sau ɗaya ba su ga ɓera mai rai ba. A nan shagon kayan dabbobi za ka shiga, a buɗe maka firiza, ga su a leda jere bisa girma, tun daga jarirai marasa gashi har manya. A gonakin da ake kiwonsu ake kashe su da iskar kabon, a daskarar nan take. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta haramta jawo wa dabba wahalar da ba dole ba, shi ya sa da wuya ka sami shagon da zai sayar maka da mai rai in ka ce maciji za ka ba. A Amurka kam har yanzu akwai masu ba da mai rai da yawa.

Yaya Jikan Gardi, game da farauta: in ka ga yadda tawa ke fizgar narkakken ɓera daga hantsaki, ta naɗe shi ta matse na tsawon mintuna, ba za ka ce an raba ta da komai ba. Ita zafi da wari take bi. Ka duba leɓenta na sama, akwai wasu ƙananan ramuka a jere. Da su take jin ɗumin jiki a cikin duhu. In abin ya yi ɗumi, ya yi warin ɓera, ya ɗan motsa, a wurinta ɓera ne.

Jikan Gardi:
Naka a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su, Alhaji, iyayensu da kakanninsu ma haka. Na nan fa daga daji ake kamo su.

Ɗan Zango Kumasi:
Wannan maganar ta Jikan Gardi tana da ƙamshin gaskiya, bari in sa baki tunda abin a ƙofarmu yake. Wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, 'yar ƙasarmu ce. Gana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da ita zuwa Turai da Amurka, da takardun CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. Mafarauta kan tono matan daga ramuka da suri lokacin ƙwai, a ƙyanƙyashe a gona, a tura 'ya'yan waje. Na zauna da masu wannan aikin. Babbar da aka kamo daga daji takan yi taurin kai ƙwarai, wani lokaci ko farin ɓera mai rai ba ta kallo, don ba shi ta sani ba. Warin ɓeran gona ta sani.

Amma inda na rabu da kai, Yaya, shi ne maganar daji. A daji mesar da ba ta jin yunwa tana cikin raminta, ɓera yana harkarsa, ba mai takura wa wani. In ta kai sara ta kuskure, ɓera ya tsere, shi ke nan. Akwatin gilashi mai tsawon mita ɗaya ba daji ba ne. Mu muka haɗa su, mu muka rufe murfi. Kuma in tura ta kai bango ɓera ba ƙaramin mafaɗaci ba ne. Ko na dajin ma, na ga da yawa da aka tono da tabon cizo a wuya, na ga mai ido ɗaya. Ba ma ganin waɗanda ciwon ya kashe ne kawai.

Kaza kuma ba ta da haƙori. Mesar kakanka da kaza, da wannan 'yar ƙarama da babban ɓera, ba lissafi ɗaya ba ne.

Jikan Gardi:
To ai na ce a tsaya a kai.

Likitan Dabbobi:
Tsayuwa tana hana irin abin da ya sami Ɗan Barnawa, na yarda. Amma ba ta hana ɗaya cizon. In mesa ta kama ɓera ta ƙugu maimakon ta kai, kansa yana sake, zai juyo ya dasa mata haƙori a fuska ko a wuya kafin ka ɗaga hannu. An taɓa kawo min wadda mai ita ke tsaye a kanta da sanda, ɓera ya huda mata leɓe har cikin dasashi. Bakin ya ruɓe, muka yi wata biyu muna wankewa.

Sannan a tuna da ɓeran shi ma. Da ana cewa shaƙe shi take yi. Binciken da aka yi a Amurka aka buga a 2015 ya nuna matsar tana tsayar da gudun jini ne, ta hana shi kaiwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ya fi shaƙewa sauri, amma duk wanda ya taɓa jin ƙarar da ɓera ke yi a wannan lokacin ya san ba mutuwa mai sauƙi ba ce. Ga kuma tsoron da yake sha tun daga lokacin da ya shaƙi warin maciji ya rasa hanyar fita.

Akwai abin da ya fi wannan duka damuna. Ɗan Barnawa, a ina kake samo ɓerayen?

Ɗan Barnawa:
Da farko wurin wani mai kiwon fararen ɓeraye nake saya. Da ya tashi daga unguwar sai na koma ba yara kuɗi suna kamo min da tarko a bayan wani sito na hatsi. Na ranar Talata ma daga can yake.

Likitan Dabbobi:
Innalillahi. Ƙanena ka daina wannan daga yau, ko da rai za ka ci gaba da bayarwa ko a mace. Ka sallami yaran nan kuma ka gaya musu dalili.

Na farko, zazzaɓin Lassa. A garin Lassa na jihar Borno ta yanzu aka fara gano shi a 1969, kuma babban mai ɗauke da ƙwayar shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, wanda ke zama a gonaki da rumbuna da sito. Shi ba ya ciwo, yana zubar da ƙwayar ne a fitsari da kashi. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kuma Bauci da Taraba suna cikin jihohin da ake yawan samunta tare da Edo da Ondo. Yaro ya sa hannu a tarko, ɓera ya yi masa fitsari ko ya cije shi, ya zo ya ci tuwo. Kai kuma ka kawo ɓeran har ɗakin kwananka.

Ɓeran da Ɗan Zango ya ce mesar daji ta saba da shi, har da wannan. Turawa ma suna kiwonsa a keji musamman don mesoshin da suka ƙi cin farin ɓera. Nasu an haife su a tsare tsawon zuriya da yawa. Namu na bayan sito ba wanda ya san abin da ke jikinsa.

Na biyu, guba. Masu sito suna zuba maganin ɓera, kuma akwai irin da ke tsinka jini, ɓera ya ci ya yi kwanaki yana yawo kafin ya mutu. Wanda ya fara galabaita shi ya fi saurin faɗawa hannun yara. Ka ba mesa shi, ka ba ta gubar.

Kada kuma wani ya ce zai kamo na sito ya daskarar ya huta. Sanyi ba ya kashe ƙwayar Lassa, adana ta yake yi. Ba ya karya guba. Wasu tsutsotsin ciki kawai yake kashewa.

Maman Sadik:
Dokta Allah Ya saka da alheri. Ni kunkuru da zomaye nake kiwo a Jos, ba ni da maciji, amma ɗan yayata da ke zaune wurinmu yana da shi, don haka bari in yi magana a madadin matan gida. Rannan na buɗe firiza zan ɗauko naman miya, na ga baƙar leda a kan kifina. Na buɗe, ɓeraye shida a miƙe da wutsiyoyinsu. Na zubar da duk abin da ke wannan ɗakin na firizar, na wanke da ruwan zafi da bilic, kuma na yi kwana biyu ban iya cin nama ba. Ku maza kuna ta maganar lafiyar maciji, ku tuna akwai yara masu rarrafe a gidajen nan. Duk wanda zai yi daskararre ya nemi firizarsa daban.

Baban Hanifa:
Hajiya gaskiyarki, kuma ba ƙyama ce kawai ba. Daskararrun ɓeraye suna iya ɗauke da salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wata ɓarkewar cutar har zuwa daskararrun ɓerayen da ake sayarwa masu macizai, nan Ingila ma an yi irin haka. Shi kansa macijin yakan ɗauke ta a hanjinsa. Ni ƙaramar firiza na saya ta musamman tana gareji. Robar da nake narkarwa da hantsakin ba sa shiga kicin, ba a wanke su inda ake wanke kwanuka. Na gama in wanke hannu da sabulu. Hanifa ba ta taɓa macizan ba sai da ta wuce shekara biyar.

Malam Na Tudu:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi addini, don na ga an ambaci halittar Allah.

Tun farko, malamai da yawa ba sa son ajiye maciji a gida, saboda ya zo cikin hadisi tare da ɓera da kunama a jerin dabbobi masu cutarwa da aka yi izinin kashewa. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma tambayar da ke gabanmu ta wanda ya riga ya tsare dabba ce. Wanda ya tsare, ciyarwa ta hau kansa. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba.

Game da ɓera, izinin kashe shi ba izinin azabtar da shi ba ne. Hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, yana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisa, in za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Abin da mesa ta yi wa ɓera a daji ba a tambayar kowa. Abin da ya faru cikin akwatin da kai ka rufe, da hannunka a ciki. In akwai hanyar da ɓeran zai mutu cikin ƙiftawar ido, kuma mesar ta ƙoshi, ban ga hujjar zaɓar doguwar hanya ba.

Wani ya tambaye ni a gefe ko ba mushe ba ne. Haramcin mushe a kan mutum yake, ba a kan maciji ba.

Abin da na fi ƙi shi ne wanda nake gani a wayoyin samari: a jefa ɓera ko ɗan tsako, a kunna kyamara, ana dariya ana ihu. Wannan ba ciyarwa ba ce, kallo ne, kuma yana busar da zuciya.

Jikan Gardi:
Allah Ya gafarta Malam, wannan ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Kakana ba ya barin yara su tsaya in zai ciyar. Maganar Lassa ma ta shige ni, don ni ma na sha karɓar na tarko. Amma har yanzu ba wanda ya amsa maganar wuta. Unguwarmu a Kano sai mu yi kwana uku ba mu ga ƙyallinta ba. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Ɓera ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa, cikinsa da kashi da komai. Wannan ai ya fi mai rai haɗari.

Auta:
Ni ina ganin da sauƙi. Ka sayi masu rai, ranar da aka kawo wuta ka zuba su a roba ka sa a firiza, su mutu da kansu. Ko ka nutsar da kejin a bokitin ruwa.

Likitan Dabbobi:
A'a Auta, don girman Allah kada ka yi ko ɗaya. Ɓera a firiza yana daɗewa yana rawar sanyi kafin ya mutu, nutsarwa kuma azaba ce tsantsa. Gara ma mesar ta kashe shi da waɗannan biyun. Ka koma ka karanta abin da Malam ya rubuta.

Jikan Gardi, tambayarka ita ce ta gaske, kuma amsarta ba lallai sai firiza ba. Abin da muke gudu shi ne haƙori da doguwar wahala. Akwai hanya ta uku: ka yi kiwon naka, ka kashe nan take, ka bayar da ɗuminsa. Fararen ɓeraye ba su da wuyar kiwo. Namiji ɗaya da mata biyu a babbar roba mai murfin waya, da dusa da abincin kaji da ruwa mai tsabta. Cikinsu kusan mako uku ne, kuma suna haifar da yawa. Mai maciji ɗaya ko biyu ba zai taɓa rasa abinci ba. Sai dai a rufe su yadda na gida ba za su shiga su cuɗanya da su ba, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Kisan kuma akwai yadda ake raba ƙashin wuya da kai cikin daƙiƙa ɗaya, ga ƙananan ɓeraye. Ba zan koyar da shi a rubuce ba, don wanda bai iya ba zai raunata dabba ne kawai. Ka je wurin likitan dabbobi ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ke kula da ɓeraye, ya nuna maka da hannu.

Mai sola ko wuta tsayayya, shi daskararre ya fi masa sauƙi. Firiza cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan kwana biyu, rabin ciki kuwa kwana ɗaya. A cike gurbin da robobin ƙanƙara. Wanda ya narke ya yi laushi ba a mayar da shi. In yana da sanyi sosai kuma ba wari a bayar a ranar, in akwai shakka a binne.

Ɗan Barnawa:
Ina da sola a shago, zan iya sa ƙaramar firiza a can. Alhaji Baban Hanifa, yaya ake narkarwar? Kuma in ta ƙi fa?

Baban Hanifa:
Ka zaɓi wanda kaurinsa bai wuce inda jikinta ya fi kauri ba. Ka sa shi a leda ka ɗaure, ka bar shi a firji ya kwana, ko a ruwan sanyi na 'yan awoyi. Kada ka shanya shi a rana, kada ka zuba masa tafasasshen ruwa, kada ka sa shi a na'urar ɗumama abinci, cikin zai fashe ko waje ya dahu tsakiya na ƙanƙara. Ka matsa cikinsa da yatsa, in ka ji tauri ko sanyi bai yi ba. Ɓera mai ƙanƙara a ciki yana sa ta amayar, kuma aman maciji ba ƙaramin abu ba ne.

In ya narke sai ka tsoma ledar a ruwa mai zafin da hannunka zai iya jurewa, minti goma zuwa sha biyar, ya kai ɗumin jikin mai rai, wajen digiri 37 ko 38. Kan ya fi ko'ina ɗumi, don nan za ta nufa. Ni da na'urar busar da gashi nake hura kan a kusa da akwatin, warin ya cika ɗakin, kafin in buɗe ta riga ta fito tana zaro harshe.

Da dare za ka bayar, fitila a rage. Ka kama shi da dogon hantsaki ta gadon baya, ba ta wutsiya ba, ka sa shi ya yi kamar yana tafiya a ƙasa. Kada ka dinga buga mata shi a fuska, tsorata za ta yi. In ta kama, ka ɗan ja shi kaɗan na daƙiƙa biyu don ta matse, sai ka saki ka fita. In ba ta kama ba, ka ajiye a bakin maɓoyarta ka rufe. Da yawa sai ɗaki ya yi tsit suke ci. Da zafin Kaduna kada ya wuce 'yan awoyi, ka ɗauke ka zubar. Bayan ta ci, kwana biyu kada ka taɓa ta.

In ta ƙi kada ka sake gwadawa washegari. Ka bar mako guda.

Jikan Gardi:
In ta yi wata uku tana ƙi fa? A bar ta ta mutu saboda tausayin ɓera?

Likitan Dabbobi:
Babba mai lafiya ba ta mutuwa a wata uku. Wannan nau'in ya shahara da yajin ci, musamman da sanyi da lokacin barbara, ko da mai rai kake ba ta. Sikeli ne alƙali. A auna ta duk wata a rubuta. In nauyi na tsaye, a yi haƙuri. In ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin goma, ko ƙashin baya ya fara fitowa kamar tsini, a zo asibiti. Sau da yawa ma ba abincin ne matsalar ba: akwatin ya yi sanyi, ko ba maɓoya, ko ana yawan ɗaukarta.

Ana hawa ne mataki-mataki. A fara da wanda aka kashe yanzu, in ta saba a koma narkakke. A goga shi da shimfiɗar kejin ɓeraye don wari. Jarirai 'yan ƙyanƙyasa su ne ba sa jure dogon yaji, kuma a nan na yarda da kai: in an gwada komai, rai na neman fita, a ba da mai rai. Amma ƙarami, wanda ya ƙoshi ya sha ruwa, kana tsaye da hantsaki a hannu, in minti goma sha biyar ta wuce ba ta kama ba ka fitar da shi. Ba ka amsa waya, ba ka zuwa buɗe ƙofa.

Ɗan Zango Kumasi:
Ƙari kaɗan ga wanda samun ɓera ke yi wa wuya. 'Yan tsaki zakaru na kwana ɗaya suna da araha wurin masu ƙyanƙyasa, kuma ba baƙon abinci ba ne gare ta. Binciken da aka yi a kudu maso gabashin Najeriya a shekarun 1990 ya samu tsuntsaye da yawa a cikin abin da suke ci, musamman mazan, don suna hawa bishiya. Sai dai kashinsu kan yi ruwa da wari, kuma wata in ta ɗanɗana tsako sai ta juya wa ɓera baya. A riƙa haɗawa, kada ya zama shi kaɗai.

Maman Sadik:
Ɗan Barnawa, yaran da suka kamo maka ɓerayen nan, ka sa ido a kansu har mako uku. In wani ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a kai shi asibiti a faɗa wa likita ya taɓa ɓera. Kai ma haka.

Ɗan Barnawa:
In sha Allahu Anti, yau zan je gidajensu.

Ɗan Barnawa:
Salam 'yan uwa, mako bakwai ke nan, na dawo da labari. Yaran duk lafiya, ni ma haka. An yi mata allurai a asibiti, ta yi saɓa sau biyu, ƙananan ciwukan sun rufe. Babban ya bar farin tabo, ɓawon wurin ya fito a karkace, likitan ya ce wataƙila haka zai zauna.

Na samu wani mai kiwon farare a Zariya, na sayo goma da aka kashe aka daskarar, na taho da su a kula da ƙanƙara. Gwaji na farko ko leƙowa ba ta yi ba. Na biyu ta fito ta shinshina ta juya. Na uku na gane kuskurena, ina fitar da shi daga ruwan zafi in tsaya neman hantsaki har ya huce. Jiya na shirya komai tukuna, na ari na'urar busar da gashi ta matata, na hura kan, na kashe fitila na bar tocila a ƙasa. Ina sa shi a bakin kaskon na ji fizga har hantsakin ya kusa suɓuce min. Ta naɗe shi zagaye biyu ta riƙe. Na fita na ja ƙofa. Bayan rabin awa na leƙa, wutsiya ce kawai ta rage a bakinta.

Jikan Gardi:
Ma sha Allah, barka. Ni dai firiza ba ta yiwuwa a wurina, amma na sayi farare uku na fara kiwo, ɗaya ma ta yi ciki. Dokta, ranar Asabar ina Zariya. In kana nan zan biyo ka nuna min yadda ake yin na wuyan.

Likitan Dabbobi:
Ina nan har azahar. Ka taho da safar hannu.